Ɗan Hakin Da Muka Raina: Yadda Harafin "S" Ya Tsayar Da Yayata A Birmingham

Wani dare cikin watan Nuwamba ina zaune a ɗakina da ke unguwar Rusholme a Manchester, ina fama da babi na biyu na kundin digirina na uku, sai ga kiran yayata daga Birmingham. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Auta, sakamako ya fito. Rabin makin nan dai shi ya sake kayar da ni."

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi shekara 11 tana aiki a asibiti a Kano kafin ta zo Ingila, kuma a lokacin watanta takwas ke nan da zuwa. A nan ba ta da damar yin aikin da ta ƙware a kai sai hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, ta saka sunanta a kundinta. Kafin nan sai dai aikin kula da tsofaffi a wani gida, albashi ƙasa da na jinya, tsayuwa kuma daga safe har dare. Cikin sharuɗɗan hukumar akwai jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. Wanda ya zaɓi IELTS ana so ya samu maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 kuma a rubutu. Sau biyu tana zama, sau biyu tana cinye sauran, sauraro kuwa ya tsaya mata a 6.5. Kowane zama kuma sai an biya fam 200 da wani abu.

Na ɗauka saurin bakin Turawa ne ya sha mata kai. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly zuwa New Street, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, muka haɗu a babban ɗakin karatu na Birmingham da ke dandalin Centenary, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a 2013. Ta sa abin sauraro a kunne ta yi jarrabawar gwaji, ni kuma na riƙe takardar amsa. Tambayoyin sauraro 40 ne, sau ɗaya tak ake kunna muryar, kuma wanda ke neman maki 7 yana buƙatar ya ci kimanin 30. Ta ci 28.

Da muka bi guda 12 da ta faɗi, sai muka yi shiru. A guda biyar ta ji kalmar sarai, ta kuma rubuta ta daidai, illa harafi ɗaya. An ce "tickets" ta rubuta "ticket". An ce "months" ta rubuta "month". A wani wurin kuma ta yi kyautar harafin inda ba a nema ba, ta rubuta "equipments". A wannan jarrabawa, idan amsa jam'i ce ka rubuta tilo, ka faɗi tambayar baki ɗaya.

Ta ajiye biro ta ce, "Yanzu Auta, wannan ɗan abin ne ya hana ni aikina?"

Mu da muka fi su yawan jam'i

Abin da ya fi ba ni mamaki a kan hanyar komawa shi ne, idan ana maganar jam'in suna, Bahaushe ne ya kamata ya koya wa Bature darasi. Dubi yadda muke yi: gida, gidaje, mota, motoci, sarki, sarakuna, littafi, littattafai, doki, dawakai, akuya, awaki, saniya, shanu, Bature, Turawa. Kowanne da tasa hanya, har da sauyin karin sauti. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da Jami'ar Yale ta buga a 2000, sai da ya kasa jam'in Hausa rukuni sama da 10, haka shi ma Philip Jaggar na makarantar SOAS da ke Landan ya ba batun fili mai yawa a nasa littafin na 2001. Ɗaliban Turawa masu koyon Hausa a nan suke yin gumi.

Mu kuwa ko kalmar aro muka samu nan take muke ɗinka mata riga. Likita ya zama likitoci, lauya lauyoyi, fim fina-finai, kwas kwasa-kwasai. Ba wanda ya zaunar da mu a aji ya koya mana.

Turanci kuma kusan hanya ɗaya ce ta mamaye shi: a liƙa "s" a ƙarshe, ko "es" idan kalmar ta ƙare da sauti irin na "bus" ko "church" ko "box". Idan ta ƙare da "y" bayan baƙi sai ta koma "ies", kamar "city" da "cities". Wasu masu "f" sukan koma "ves", kamar "knife" da "knives". Duk mun haddace wannan tun a firamare. To me ya sa masu digiri a cikinmu suke tuntuɓe a nan? Na gano dalilai uku, kuma babu wanda ya shafi rashin ilimi a cikinsu.

Kunnen da bai saba ba

Na farko a baki da kunne yake. Hausa ba ta jera baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma, yawancin kalmominmu ma da wasali suke ƙarewa. Shi ya sa da muka ari "bread" muka ce burodi, "bucket" ya zama bokiti, "bench" ya zama benci. Bature kuwa a ƙarshen kalma yake ajiye jam'insa, daidai wurin da kunnenmu ya riga ya tafi hutu. Gwada faɗin "tests" ko "desks" ko "months" da sauri, ka ji yadda harshe ke neman ya yar da harafin ƙarshe. Abin da baki bai saba furtawa ba, kunne ma yakan tsallake shi.

Kuma harafin ɗaya ne a rubuce, amma sauti uku ne a baki. A "cats" ana jin "s", a "dogs" ana jin "z", a "buses" kuma "iz". Yaran Turawa suna sanin wannan kafin su iya karatu. A 1958 wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa ƙananan yara hoton wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ba ta sunan ƙirƙira, "wug", sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗa. Yawancinsu suka ƙara sautin "z" ba tare da sun taɓa jin kalmar ba. Na ga irin haka a gidan yayata. 'Yarta mai shekara shida, wadda ba ta cika shekara a makarantar Birmingham ba, ta leƙo ta ce baƙi sun bar "takalmis" a bakin ƙofa. Muka yi ta dariya, amma yarinyar ta riga ta kama dokar da uwarta ke biyan kuɗi a kanta.

Naira biyar, shekara goma

Dalili na biyu daga nahawunmu ya fito. A Hausa idan ka faɗi adadi, ba dole ne ka jam'inta sunan ba. Muna cewa naira biyar, kwana uku, mota biyu, shekara goma. Ko a sama na rubuta "shekara 11" kuma na tabbata ba wanda ya ji wani abu. Lambar ta riga ta yi aikin. Turancin makaranta kuwa sai an maimaita: "five years", "three days". Bahaushe yana tunani da Hausa sai ya ga "s" ɗin nan ƙari ne kawai, ya bar shi.

Abin da ke ƙara rikita mu a Manchester da Birmingham shi ne, 'yan gari ma haka suke yi a bakin titi. A kasuwar Longsight mai kayan miya zai ce maka "five pound". Direban bas zai ce ya yi "twenty year" yana wannan aiki. Kalmar "quid", wadda suke kiran fam da ita, ba ta ɗaukar "s" ko fam dubu ne. Nauyin mutum ma da "stone" suke faɗa, "eleven stone", tsawo kuma "six foot". Wasu daga cikin waɗannan karɓaɓɓu ne ko'ina, wasu kuma karin harshen yanki ne mai tsohon tarihi. Sai baƙo ya ji ɗan gari ya faɗa, ya ɗauka ya samu hujja. Mai duba jarrabawa da malamin jami'a ba da Turancin kasuwa suke awo ba.

Akwai wuri ɗaya da Turancin makaranta ya yarda da mu: idan adadin yana siffanta wani suna. Ana cewa "a five-pound note" da "a three-year visa", ba "s". Amma "the visa lasts three years", da "s". Wannan bambanci shi kaɗai ya ci wa yayata tambaya ɗaya.

Jan biro a kan kundina

Dalili na uku shi ya fi girma, kuma ni kaina a nan na sha kunya. A shekarata ta farko na miƙa wa malamar da ke duba aikina shafi 20, na yi ta jiran yabo. Da takardun suka dawo, ta zagaye kalmomi da jan biro tun daga shafin farko: "informations", "evidences", "researches", "equipments", "feedbacks". A gefe ta rubuta harafi ɗaya, U. Sai da na tambayi wani ɗalibi ɗan Ghana kafin na gane nufinta: waɗannan sunaye ne da Turanci ba ya ƙirgawa.

Turanci ya raba sunaye gida biyu. Akwai waɗanda ake ƙirgawa ɗaya, biyu, uku, akwai kuma waɗanda yake ɗauka tamkar ruwa ko gari, ba a yi musu jam'i, ba a sa musu "a" ko "an". Matsalar ita ce inda ya ja layin ba nan Hausa ta ja nata ba. Mu muna da bayani da bayanai, shawara da shawarwari, hujja da hujjoji, kaya da kayayyaki. Bature kuwa "information" da "advice" da "evidence" da "luggage" da "furniture" duk ba sa ƙirguwa a wurinsa. Idan yana son ɗaya sai ya ce "a piece of advice". Ga kuma Turancin Najeriya da muka taso a ciki, inda "staffs" da "furnitures" suke yawo a takardun ofis da jaridu har ido ya saba da su.

Ta ɗaya gefen kuma, abin da muke gani guda ɗaya shi yana ganin biyu. Wando ɗaya ne a wurinmu, shi kuwa "trousers are". Haka almakashi, "scissors", da tabarau, "glasses". Mun ma ari ɗaya daga cikin irin waɗannan da "s" ɗinsa a jiki, muna cewa silifas ko ƙafa ɗaya ce ta ɓata. Sai kuma "news", mai kama da jam'i, mu ma labarai muke cewa, amma shi "the news is" yake cewa. Kuɗi kuwa abin dariya ne: a Turanci "money" ba ya cikin sunayen da ake ƙirgawa, alhali a Hausa asalin kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta wuri, tun zamanin da ake ciniki da shi a kasuwar Kurmi.

Babu wata doka da za ta faɗa maka gidan da kowace kalma take. Sai ƙamus. Wancan ƙamus na Oxford da yawancinmu muka riƙe a sakandare, na A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan ya ga inda baƙi ke faɗuwa, yana sa C ko U a gaban sunaye: C ana ƙirgawa, U ba a ƙirgawa. Shekara da shekaru ina buɗe shi ban taɓa kula da haruffan nan ba. A Jami'ar Birmingham kuma, nan kusa da inda yayata ke zaune, Farfesa John Sinclair ya jagoranci aikin ƙamus na COBUILD da ya fito a 1987, wanda aka gina a kan miliyoyin kalmomin Turanci da aka tara a kwamfuta don a ga yadda mutane ke amfani da su da gaske. Shi ma yana nuna wannan rabo a kan kowane suna. Duka biyun ana samun su kyauta a intanet yanzu.

Tsofaffin da suka ƙi bin layi

Sauran masu taurin kai ba su da yawa, kuma Bahaushen da ya iya "akuya, awaki" bai kamata su firgita shi ba. Guda bakwai suna canza wasali: "man, woman, foot, tooth, goose, mouse, louse" su koma "men, women, feet, teeth, geese, mice, lice". Ragowar tsohon Turanci ne na fiye da shekara 1,000. Wasu ba sa motsi sam, kamar "sheep" da "deer". "Children" kuwa jam'i ne a kan jam'i. Tsohon jam'in "child" shi ne "childer", wanda ya daɗe a bakin mutanen Lancashire, yankin da Manchester ta fito daga cikinsa, daga baya aka sake ɗora masa "en". Mu ma muna yin haka idan muka ce mazaje ko mataye, alhali maza da mata sun riga sun zama jam'i.

Ɗalibin jami'a kuma yana da wasu baƙin da zai sani, waɗanda Turanci ya aro daga Latin da Girkanci da jam'insu: "criterion" da "criteria", "phenomenon" da "phenomena", "analysis" da "analyses", "thesis" da "theses". Na sha jin ɗalibi a gaban malamai yana cewa "one criteria". Ba za a kayar da shi don haka ba, amma an ji.

Inda harafi ɗaya ke canza magana

Da a ce jarrabawa ce kawai, da da sauƙi. A hanyarmu ta zuwa cin abinci a titin Coventry da ke Small Heath, yayata ta ba ni labarin abin da ya faru da ita a wurin aiki. Tana yi wa wata tsohuwa wanka ta ga tabon taruwar jini guda uku a hannunta, ta rubuta a takardar miƙa aiki, "bruise on left arm". Washegari wadda ta karɓe ta ta ga uku, takarda kuma ta nuna ɗaya. A gidan tsofaffi wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sai an binciko ko biyun sun faru ne cikin dare, kuma a hannun wa. Aka kira ta ofis. Da ta yi bayani magana ta mutu, amma ta ce ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Tun daga nan take rubuta adadi da lamba, ta kuma duba ƙarshen kalmar sau biyu.

Akwai kalmomin da "s" ke mayar da su wani abu daban. "Damage" ɓarna ce, "damages" diyyar da kotu ke yankewa. "Custom" al'ada, "customs" kwastan. "Good" abu mai kyau, "goods" kayan sayarwa. "Saving" ragin da ka samu, "savings" ajiyarka ta banki. Wanda zai sa hannu a takardar haya ko ta inshora ya kamata ya san wannan.

Masu kallon ƙwallo kuma sun san wani abin. A nan za ka ji ana cewa "United are playing" ko "Villa are winning", ƙungiya ɗaya amma aikatau na jam'i, domin Baturen Ingila 'yan wasan yake gani. Ba'amurke zai fi cewa "is". 'Yan sanda kuwa ko'ina "the police are" ne, kamar yadda mu ma muke jam'inta su.

Kada kuma mu ɗauka 'yan gari ba sa kuskure. A kasuwanni za ka ga an rubuta "apple's" da "banana's" da 'yar waƙafin sama, wadda ta mallaka ce, ba ruwanta da jam'i. Rikicin alamar nan ya kai ga a 2009 majalisar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa ta a allunan tituna, shi ya sa za ka ga Kings Heath da Kings Norton haka nan tsirara. Bambancin kawai, ɗan gari idan ya yi kuskure ba bizarsa ce a kan layi ba.

Abin da muka yi

Ba mu sayi wani sabon littafi ba. Mun yi abu huɗu cikin wata uku. Kullum da dare ina kiranta in karanta jimla goma, ita kuma ta faɗa min tilo ta ji ko jam'i, har kunnenta ya koyi jiran ƙarshen kalma. Na biyu, ta koyi neman shaida a cikin tambayar kanta: idan kafin gurbin akwai "a" ko "an" ko "each", tilo ake nema, idan akwai "many" ko "several" ko "are", jam'i ne. Na uku, ta manna takarda a jikin firij mai ɗauke da kalmomi 15 da ba a yi musu jam'i, waɗanda ta fi amfani da su a aiki. Na huɗu, duk abin da ta rubuta sai ta sake karanta shi sau ɗaya don sunaye kaɗai, tana tambayar kowanne: kai ɗaya ne, ko kuna da yawa, ko ba a ƙirga ka? Ni ma haka nake yi wa kundina har yau.

A watan Maris ta sake zama. Ina cikin bas a titin Oxford saƙonta ya shigo, hoton sakamako, sauraro 7.5. Na kira ta na ce, "Yaya, barka! Saura me?" Ta ce saura jarrabawar aiki ta hukumar, wadda ake yi da hannu a gaban masu dubawa, kuma wannan ba ta tsoron ta, aikin shekara 11 ne.

Da na je yi mata murna a ƙarshen mako, 'yarta ce ta buɗe min ƙofa. Ta dubi ledar hannuna ta juya ta ƙwala wa uwarta kira, wai Kawu ya kawo "tsires". Yayata ta fito daga kicin tana goge hannu ta ce, "To Malam Auta, na gama da nawa. Wannan kuma jam'in Hausa za ka fara koya mata."

Masu shirin zama jarrabawa a bana, Allah ya ba da sa'a.